Kwalbar Shaida Ta Yi Ja

Ko zan manta da komai na shekarun aikina, ba zan taɓa manta bazarar da na sa aka rufe rijiyar Jauro Bello ba. Yanzu na tsufa, na ajiye aiki, jikoki na wasa da gemuna, amma in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. 'Ya'yana ma gutsi-gutsi suka san labarin, shi ma daga bakin uwarsu, in mun ɗan saɓa. To yau zan zazzage shi duka, mai dariya ya yi, ni na jawo.

Zamanin kuɗin mai ne, Naira tana sabuwa, gwamnati na sayo kaya daga waje ko an san amfaninsu ko ba a sani ba. Ina aiki a wani ɗan asibiti tsakanin Kazaure da Roni (ba zan kama sunansa ba, don laifin ba nasa ba ne, nawa ne ni kaɗai). Aikina duba jini da fitsari. Ana nan sai aka zaɓe ni aka tura ni kwas na wata uku a Kano, in koyo awon dalma a cikin jini, tunda an shiga shimfiɗa tituna, motoci da batira sun fara yawa a ƙasarmu. Na dawo da satifiket, da akwati biyu na kwalabe da magungunan awo, da girman kan da da ƙyar ya shige ƙofar asibitin. Har farar rigar aiki na kai wa tela ya rage mini ita ta kama jiki.

Bari in faɗi yadda awon yake a taƙaice, in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba. Ana narka jinin mutum da asid a 'yar kwalba, sannan a zuba masa wani koren ruwa a girgiza. In babu dalma, ruwan yana nan kore. In akwai, sai ya juye ya yi ja, kuma yawan jan yawan dalmar. Akwai ɗan injin da ke karanta launin ya ba ka lamba. Amma ƙa'ida ita ce, duk ranar awo dole ka jera wasu kwalabe biyu tare da na mutane. Ɗaya an riga an san yawan dalmar da ke cikinta, da ita ake gane ko injin na faɗin gaskiya. Ɗayar kuma babu jini a cikinta sam, tataccen ruwa ne zalla, ana yi masa duk abin da aka yi wa jinin. Ita muke kira kwalbar shaida. Aikinta ɗaya ne, ta zauna kore. Ranar da ta sauya launi, to akwai datti a aikinka, sai ka zubar da komai, ka gaya wa na gaba da kai, ka nemo inda dattin ya fito. Malaminmu na Kano ya nanata mana wannan har muka riƙa kwaikwayon muryarsa a ɗakin kwana.

Ɗakin da aka ba ni kuwa, sai a hankali. Can ƙarshen asibitin yake, shi kaɗai, kuma kafin a gina sabon wuri nan ake ajiye gawa. An yi masa fenti, an sa fanka, amma dakalin simintin da ake kwantar da mamata yana nan, da 'yar kwatarsa a gefe inda ruwan wanka ke bi. A kansa na jera kwalabena, don ba wani tebur. Ko a tsakiyar zafin bazara, in ka dafa dakalin nan sanyi ƙalau za ka ji shi. Taga ɗaya ce, tana kallon duwatsu. Da tsakar rana, in marasa lafiya sun watse asibitin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar famfo da kukan wata tsaka a bayan kabad.

Mai wanke mini kwalabe wani dattijo ne, Baba Maina, Babarbare, yana asibitin tun zamanin Turawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kwantar a dakalin nan shi ya yi musu wanka. Da safe yake shigowa, ya tsamo kwalaben daga babban bokitin ruwan asid da suke kwana a ciki, ya goge su da ɗan burushi, ya ɗauraye, ya kife, ya fita. Da rana ta take ba ka ƙara ganinsa a wurin. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shi ya san masu ɗakin, su ma sun san shi, amma kowa da lokacinsa. Yana murmushi ya faɗa, har yau ban san ko tsokanata yake yi ba.

Saura abu ɗaya, kwalli. Ni a lokacin ɗan gaye ne, ina neman aure a Gwiwa, kuma yarinyar ta taɓa cewa idona ya fi kyau da kwalli. Shi ke nan ta gama da ni. Kullum sai na rambaɗa, in bi gefen ido da babban yatsa in gyara. Na kasuwa da aka riga aka niƙa ba ya yi mini, na ce yana da tsakuwa. Sai in sayi dutsen kwallin kansa, mai ƙyallin nan, ranar Juma'a in kowa ya watse in niƙa shi a ɗan turmin tangaran na ɗakin awo, wanda gwamnati ta sayo daga Turai. Yakan yi laushi kamar hoda. In na gama sai in tsoma turmin a bokitin Baba Maina, in goge shi da burushinsa, in mayar inda na ɗauko, don kada a ce na bar kayan gwamnati da datti. (Kun ga mai tsabta ko?)

Ana cikin haka aka kawo wata yarinya, Hajjo, 'yar shekara biyar, tana shure-shure, idonta ya kakkafe. Ubanta shi ne Jauro Bello, Bafillatani da ke zaune da iyalinsa a wata ruga bayan duwatsun Roni, suna kiwo suna ɗan noma. Dogon mutum ne, ba ya ɗaga murya. Ya gaya wa Likita cewa a cikin satin 'yan maruƙansa biyu sun mutu suna zagaye suna kumfar baki, kuma masu aikin titi da suka yi zango kusa da rugar sun tashi sun bar tarin fasassun batira ba nisa da rijiyarsa. Likitanmu saurayi ne mai ƙwazo, nan take ya ce dalma yake zargi. Ya sa aka ɗebo jinin mutum tara na gidan, da ruwan rijiyar a kwalba, aka jere mini a kan dakali. Karo na farko ke nan da aka nemi ilimin da na je Kano na koyo, na ji kamar a kira maroƙi ya yi mini kirari.

Narka jini yana cin lokaci, saboda haka sai da rana ta take na kai ga zuba koren ruwan. Baba Maina ya daɗe da tafiya. Na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, in toshe bakin da babban yatsa in girgiza (marufan sun ɓace a hanya tun daga Kano, ban kuma ga dalilin neman wasu ba). Ta Hajjo ta yi ja. Ta uwarta ja. Ta Jauro, ta kakar yaran, ta ruwan rijiya, duk ja. Zuciyata na bugawa, rabi tausayi rabi murna, Allah Ya yafe mini, don na gano abin da ba a taɓa ganowa ba a yankin nan. Daga ƙarshe na ɗauki kwalbar shaida, na girgiza, na ajiye, na jawo littafin awo.

Ina rubutu sai na ga wani abu ta gefen ido. Daga ƙasan kwalbar wani siririn ja ya fito, yana warwaruwa a hankali, kamar an yanki yatsa a cikin ruwa. Na ajiye biro ina kallo, har kwalbar da ba a sa wa jinin kowa ba ta yi jajawur. Famfo na ɗiga. Tsakar nan ta yi kuka sau uku ta yi shiru. Na dubi inda na ajiye kwalbar, sai na ga daidai bakin kwatar ne, inda ruwan wankan gawa ke gangarewa. Tsikar jikina ta tashi, na ji sanyin dakalin ya ratso tafin hannuna har kafaɗa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum waiwaye.

Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Na ɗauko wata kwalbar daga cikin waɗanda Baba Maina ya kife da safe, na sake haɗa shaida. Ta yi ja. Na haɗa ta uku, na kai ta bakin taga nesa da dakalin, na girgiza ta a cikin hasken rana. Ita ma ta yi ja, ta ma fi na farko.

Nan ne ya kamata in ɗauki kwalaben nan in nufi ofishin Likita in ce, ranka ya daɗe, awon yau ya lalace, ban san dalili ba. Bai fi taku arba'in tsakaninmu ba. Amma sai na tsaya ina tunani irin na wawa mai satifiket. In na ce datti ne, za a ce an ɓata wata uku a kaina a banza. In na ce masu ɗakin ne, Likita zai yi dariya, ma'aikatan jinya su kai labarin har Gwiwa. Sai na yanke wa kaina fatawa: kwalbar shaida ba ta da mai ita, fanko ce, shi ya sa suka samu shiga, kwalaben jini kuwa kowace da mai ita, ba za su taɓa su ba. Wallahi haka na yi tunani, kuma na ji ya zauna mini daidai. Na tuttule shaidun nan uku a kwata, na sakar musu famfo, na buɗe littafi, a layin shaida na rubuta "kore". Hannuna bai ko karkace ba.

Likita ya ga lambobin ya dafe kai. Ya ce rijiyar ce, dole a rufe ta kafin ta ƙarasa gidan gaba ɗaya. Aka aika wa mai gari, washegari aka shimfiɗa katako a bakinta aka malala siminti. Rijiyar kuwa uban Jauro ne ya haƙa ta, ita ce dalilin zamansu a wurin, ba ta taɓa ƙafewa ba. In babu ita, ruwan da zai ishi garke sai an kora shanu tun asuba a isa da hantsi, a kan duwatsu, a cikin wannan rana ta bazara, sannan a sake koro su gida.

Jauro bai yi gardama ba. Da zai tafi ya biyo ta ɗakina, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya cire takalmi ko da yake bai shigo ba.

"Ɗan likita," ya ce, "ka duba da kyau ko?"

Na ce masa, Baffa, inji ne ya faɗa ba ni ba, kuma inji ba ya ƙarya. Ya gyaɗa kai ya yi mini godiya, har da addu'ar Allah Ya ƙara ilimi.

Sati ukun da suka biyo baya ban ga daidai ba. Hajjo ta warke da allurar zazzaɓi ta koma gida da ƙafarta, abin da ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya. Ni ban yi ba. Kullum da tsakar rana sai in kulle ƙofa in haɗa shaida a ɓoye, ina fatan in ga kore, kullum ta yi ja. Na fara jin kamar ana tsaye a bayana ana kallon hannuna. In fanka ta kaɗa takarda sai in zabura. Wata rana na buɗe littafin awo, sai ga sawun babban yatsa, baƙi wuluk, daidai kan kalmar "kore" da na rubuta, kamar wani ya zo ya dangwala ya ce na gani. Na rufe littafin na fita da baya da baya, ban koma ba sai washegari.

Na rame, abinci ya fita kaina. Ranar hutu na hau babur na tafi Babura wurin gwaggona, na gaya mata rabin labarin. Ta ce ai dama ta sani, wanda ke aiki a makwancin mamata dole a raina idonsa. Ta ɗauko wani ƙaton dutsen kwalli da aka kawo mata daga tsallaken iyaka, ta ce an yi masa tofi, in niƙa da kaina in riƙa sawa safe da rana, musamman kafin in taɓa kayan aiki, ba abin da zai iya haɗa ido da ni. Na dawo na niƙa shi tas a turmin gwamnati, na wanke a bokitin Baba Maina. Washegari shaida ba ta ko jira ba, ina girgizawa ta rine. Na ce shi ke nan, na fusata su.

A cikin kwanakin nan, in na fito da hantsi nakan hango matan rugar Jauro a gefen hanya, da jakuna da tuluna, suna dawowa daga ɗibar ruwan sha. Sai in juya babur in bi ta bayan kasuwa.

Ashe Likita ya aika lambobin Kano, can kuma wata ta zauna ta dube su ta ce ba ta yarda ba. Hajiya Uwani ke nan, babbar jami'a a ɗakin awon da ke duba aikin irinmu, gajeriya, mai tabarau, ba ta dariya sai ta ga dalili. Ta ce mutum tara masu wannan dalmar a jini bai kamata a ce suna tatsar nono suna kora shanu ba. Ta zo da kanta wata Talata, da kwalabe shida na jini a akwatin ƙanƙara, babu suna a jikinsu sai lamba. Ta ce in auna a gabanta. Haka ake gwada mai awo, in ji ta, a ba shi abin da shi bai sani ba amma mai dubawa ya sani.

Kafin ka ce me labari ya zaga asibiti. Likita, ma'aikatan jinya, mai ba da magani, har mai gadi, duk suka taru a bakin ƙofa da taga. Baba Maina ma, karo na farko, ya zauna har rana ta take. Ni kuwa na sha farar riga, na rambaɗa kwallin gwaggo har sau biyu saboda tsaro.

Na yi aikin cikin yanga, ina ɗaga kwalba sama ina ƙanƙance ido. Da na zo kan shaida sai na ba su baya, na girgiza, na ga ta fara, na yi wuf na zura ta a aljihun riga. Sannan na karanto sakamako da murya irin ta rediyo. Na ce lamba ɗaya da lamba uku dalmarsu ta yi yawa, a fara musu magani. Lamba shida ta fi su. Da na zo lamba huɗu na girgiza kai na ce, ranki ya daɗe, mai wannan jinin in yana da rai a kawo shi yau, in kuwa ya riga mu gidan gaskiya, to Allah Ya jiƙansa.

"Amin," ta ce. "Ni ce. Ɗaya da uku da huɗu da shida duk jinina ne, a hannun nan aka ɗiba aka raba huɗu. Ina shaidarka?"

Wani ya yi tari a taga. Na shiga laluben dakali kamar mai neman abu. Ta nuna ƙirjina da biro. Na duba, ashe kwalbar, da yake ba marufi, ta tuntsire a aljihu, jan ya huda farar rigar ya bazu har ciki. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi salati, ta ɗauka wani abu ne ya soke ni.

To a nan ne na ƙarasa kaina. Maimakon in yi shiru, sai na matsa kusa da ita na rage murya, na ce Hajiya, akwai abin da ba ki sani ba game da ɗakin nan. Na ba ta labarin dakali, da kwata, da tsaka, da shaidun nan uku da na tuttule, da sawun yatsan da ya bayyana a littafi ba wanda ya shigo. Har na ga mai gadi ya ja da baya daga taga. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce a miƙo mata littafin. Ta dubi sawun, ta dubi idona, ta daɗe tana duban idona. Sannan ta kama hannuna na dama, ta dangwala babban yatsana a gefen sawun, ta ɗaga. Sawu biyu iri ɗaya, har da ɗan tabon da wuƙa ta yi mini tun ina yaro.

"Aljanin naka yana sa kwalli," ta ce. "A ina kake niƙa shi?"

Idona ne ya tafi kan turmin da kansa. Ta ɗauki auduga ta share cikinsa, audugar ta fito toka-toka tana ƙyalli. Ta jefa ta a koren ruwa, ja. Ta ɗebi ruwan bokitin Baba Maina, ja. Burushi, ja. Sai ta juya ga mutanen da ke ƙofa ta yi musu bayani a natse, kamar ba na wurin, cewa wannan dutsen kwalli mai ƙyalli uwar dalma ce, daga irinsa ake narko ta. Ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata awon yini guda, ni kuwa na yi watanni ina jiƙa kowace kwalba a cikinsa, sannan in ƙara mata da yatsa. Ta ce an koyar da wannan a kwas, a sati na biyar. (Na tuna satin sarai. Akwai wani fim da aka yi ta nunawa a Kano, na kalle shi sau huɗu.)

Baba Maina ya ce shi dai shekara talatin yana wanke ɗakin nan, masu shi ba su taɓa sa masa hannu a bokiti ba, sai da aka kawo mai satifiket. Aka fashe da dariya, har Likita. Hajiya ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan kalmar da na rubuta ranar awon gidan Jauro, ta ce datti kowa yana iya yi, ita ma ta taɓa yi, don haka ma aka ce a riƙa haɗa shaida. Ta ce kwalbar ta yi aikinta, ta gaya mini gaskiya har sau uku, ni ne na zubar da ita a kwata na rubuta ƙarya. Daga nan ba wanda ya sake dariya.

Kwana uku muka yi muna wanke ɗakin, da sabon bokiti da sabon burushi da marufan da ta zo da su. Ta sa na wanke ido da sabulu, na yanke farce a gabanta kamar ɗan firamare. Ranar da shaida ta zauna kore, na ja kujera na zauna ina kallonta, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Aka sake ɗebo jinin gidan Jauro, aka zaro ruwan rijiyar ta wata kafa a gefen katakon. Ruwan lafiya lau, mutanen lafiya lau. Maruƙan nan batiran suka lasa, yarinyar kuma zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Hajiya ta sa aka auna nawa jinin ma. A duk kwalaben jinin mutane na ranar, tawa ce kaɗai ta ɗan yi ja.

Likita bai sa an kore ni ba, ya yi mini abin da ya fi kora. Ya miƙo mini guduma, ya ce in je in fasa simintin da hannuna, in kuma gaya wa Jauro dalili da bakina. Baba Maina ya ce zai raka ni, wai Fulani bayinsa ne, in yana tsaye ba za su taɓa ni ba.

Mun isa da la'asar. Shanun sun dawo sun kwanta, haƙarƙarinsu duk a waje. Na durƙusa gaban Jauro na faɗi komai, tun daga turmi har kalmar da na rubuta. Mata na leƙe daga bayan bukkoki, Hajjo na tsaye riƙe da zanen uwarta. Jauro ya saurara yana murza sandarsa. Da na gama ya tashi ya yi mini alama in biyo shi. A bayan garke an shanya fatar wata saniya a ƙasa, ja mai farin goshi, an kafe gefunanta da itatuwa. Ya ce tana da ciki wata bakwai, a hanyar ruwa ta durƙushe ta kasa tashi, sai yankawa suka yi. Ya faɗi sunanta, ya faɗi na uwarta, da na uwar uwarta, wadda ubansa ya zo da ita wurin nan shekarar da ya haƙa rijiyar.

"Ɗan likita, ni ban san awo ba," ya ce. "Amma na zo har ƙofarka na tambaye ka. Da ka ce mini ba ka tabbata ba, da mun jira ka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauki guduma na nufi rijiyar. Simintin na zamanin kuɗi ne, ba a yi masa rowa ba. Na yi ta dukansa har rana ta yi sanyi, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ba wanda ya karɓe ni, ni ma ban nema ba. Da katakon ya ɗaga, sanyin ruwa ya bugo fuskata, shanun da ke kwance suka miƙe gaba ɗaya ba wanda ya kira su. Jauro ya zura guga ya yi ta ja yana zuba musu, har saniyar ƙarshe ta ƙoshi. Sannan ya cika ƙwarya ya miƙo mini, don ko ba komai baƙo nake. Ban taɓa shan ruwa mai wuyar haɗiya irinsa ba.

Na ƙara shekara talatin a aikin awo bayan nan, kuma abin da na koya bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in abu ya rikice a hannunka, fara duba hannun, kuma cewa "ban tabbata ba" bai taɓa kashe saniyar kowa ba. Na zama mutumin da ya fi kowa cewa a sake awo, har waɗanda na koyar suka sa mini Malam A-Sake. Ba na jin haushi. Ya fi sunan da mutanen bayan dutse suka sa mini, wanda har yau in na shiga kasuwar Roni sai wani tsoho ya ɗaga sanda daga nesa ya kira, Likita Mai Kwalli. Nakan amsa, don nawa ne.